Teɓar Merv da Sitiyarin 1963

Ƙarfe sha ɗaya da minti bakwai na safe, a kasuwar tsofaffin kayan mota ta garin Ballarat, wani dattijo yana tsaye gaban rumfar gashin nama, ya tsuke ciki har fuska ta yi ja. An ɗinka sunansa, "Merv", a aljihun rigarsa, igiyar awo ta tela kuma na rataye a wuyansa.

Mai rumfar, Noelene, ta san shi. "Tsoho, yau ma ƙamshi za ka ci?"

"Saura inci biyu, 'yar'uwa. Ranar Asabar ne tseren."

Motar tserensa ƙirar 1963 ce, matsattsiya kamar kwalekwale, teɓarsa kuwa ba ta wucewa ƙarƙashin sitiyari. Abokansa duk sun sa irin sitiyarin da ake cirewa a zauna a mayar. Shi ya rantse ba zai sa ba, tunda ba haka aka ƙera ta ba. Daga ganin idonsa, ya yi wata uku yana cin kabeji.

Noelene tana fifita hayaƙin albasa wajensa da gangan. Ya auna cikinsa sau uku, igiyar ba ta tausaya masa ba.

"Ba ni burodi biyu. Cika nama."

"Motar fa?"

Ya waiga hagu da dama, ya rage murya. "Ina rumfar masu sitiyarin cirewar nan? Zan shafa masa tsatsa, a ɗauka tsohon ne. Kowa ya tambaya, ba ki gan ni ba."