Aiken da Isufu Ya Haɗiye

Isufu, ɗan ƙanen ubana, ya haɗiye mini aike, kuma tare da aiken ya haɗiye sana'ar da ta kamata ta zama tawa. Na faɗa tun da fari don kada a ce ina kewaye-kewaye. Wata Laraba ce da la'asar, a shekarar da soja suka karɓi mulki, lokacin da fari ya koro mutanen karkara zuwa Yamai. Ina zaune a ƙofar gidan da muke haya a Kalley, ina lanƙwasa waya ina haɗa mota, sai ga shi ya dawo daga unguwar Filato, gidan anasaran da Baba ke yi wa aikin kuku. Leɓensa na ƙyalli da mai, ga ɓarɓashi a gaban rigarsa. Na tambaye shi, kamar yadda na saba, ko Baba ya ce wani abu a kaina. Ya dube ni ido cikin ido ya ce babu, ya tsallake ƙafata ya shige gida. Sai da na yi furfura na san abin da ya tsallake ni da shi.

Ni ne ɗan fari, kuma mu mutanen Adar ne. A wurinmu, a wancan zamani, uba kunyar ɗan farinsa yake ji. Baba bai taɓa faɗin sunana ba. Ni ne "wancan", ko "yaron nan". In yana son in ɗebo ruwa a famfo, bango zai kalla ya ce randa ta yi ƙasa. Inna kuwa ta fi shi, ko zazzaɓi nake yi sai dai ta tura maƙwabciyarmu Bazabarma ta taɓa mini goshi. Manya na cewa ɗa'a ce. Ni dai yaro ne, abin da na gani shi ne kowa na da suna a gidan ban da ni.

Ranar Lahadi da yamma Baba ke samun hutu, kuma ita ce ranar da gidanmu ke fita daban da sauran gidajen layin. Duk mako jar dawar taimako muke ci, wadda muke bin layi a gaban soja mu karɓo, tuwonta ya yi duhu, ya tsaya a maƙogwaro. Amma Baba kan dawo da abin da Madam, matar anasaran, ta zubar: koren ganyen puwaro, wata albasa mai dogon wuya da ake nomawa a garkunan Goudel, da ƙasusuwan kaza, da kwambitar, wato dankalin turawa, da suka fara tsiro. Ya dafa su a hankali har su narke, ya murje a rariya, ya fito da miya mai santsi wadda ake sha da cokali ba tare da tuwo ba. Potaj yake kiranta. Maƙwabta na dariya wai kunun anasara, amma da ƙamshi ya tashi sai ka ga 'ya'yansu sun jeru a zaure. In an yi sa'a ya samo garin alkama da ɗan man shanu, sai tarti. Ya yanke rabin tano, wato duron ƙarfe, ya zuba yashi a ciki, wuta a ƙasa, garwashi a kan murfi, shi ne murhun gashinsa. Da kan yatsu kawai yake murza gari da mai, ya rufe ƙullin da jiƙaƙƙen ƙyalle ya ɗora a kan randa don ya yi sanyi. Yakan ce, "Hannu mai zafi ba ya tarti." Sannan ya soya albasar garinmu har ta yi zaƙi ta koma ruwan zuma, ya zuba ƙwai da madara, ya rufe. Aikina fifita wuta. Daga nesa, ta cikin hayaƙi, na haddace kowane motsin hannunsa, amma bai taɓa cewa in matso ba.

Sai Isufu ya zo. Dabbobin ubansa sun ƙare, uban ya bi su, Baba ya je sansanin 'yan gudun yunwa a bayan gari ya ɗauko shi, ƙafafu kamar sillen kara, ciki kamar tulu. Na ba shi rabin tabarmata, na koya masa langa da ƙwallon tsumma, na hana yaran layi kiransa ɗan ƙauye. Amma shi ba ɗan fari ba ne, ɗan ƙane ne, maraya kuma, don haka babu kunya tsakaninsa da Baba. Isufu zo, Isufu riƙe, Isufu ɗanɗana gishiri. Cokalin da na yi shekaru ina kallo, a makonsa na farko aka sa masa a baki. Ni ana tura ni lakwal karatun boko, malaminmu Mushe na zane ni don na yi Hausa a aji, shi kuwa yana bin Baba Filato yana ganin firiji da murhun gas. In ya dawo ya kwanta kusa da ni yana warin man shanu, ni ina warin alli da fitsarin bayan aji. Wallahi akwai ranar da na zuba masa yashi a potaj ɗinsa, kuma har yau ban yi nadama ba.

Bayan wannan Larabar Baba ya ƙara nisa da ni. Ko bangon ma ya daina yi wa magana saboda ni. Ranar Lahadi ya karɓe mafici ya ba ƙanwata. Na ce to, mutumin nan ba kunyata yake ji ba, ƙina yake yi. Zuciya ta ɗebe ni, karatun ma ya fita raina, na bar lakwal ban kai ga jarrabawa ba, na tafi kasuwar Katako wurin masu buga tano. Can na tsufa, ina ƙera murhu da bokiti, hannuna duk tabo. Da Baba ya rasu, Isufu ya ɗauki wuƙarsa da farantin gashinsa mai lanƙwasasshen baki, don kowa ya san shi ne magajin hannun.

Tsufa ne ya cire wa Inna kunya. Bara, tana kwance ba lafiya ina yi mata fifita, na ce Baba ya tafi bai taɓa nemana ba. Ta ɗago kai ta ce, "Ai ya aika maka, kai ne ka ƙi zuwa." Ashe ranar Larabar nan ya gasa ɗan ƙaramin tarti a gwangwanin sardin, ya naɗe a takarda, ya ba Isufu ya ce ya kai wa wancan, in ya ji daɗinsa gobe Alhamis babu lakwal, ya zo gidan anasara ta ƙofar baya a fara nuna masa. Washegari Baba ya yi ta leƙa ƙofar baya har azahar. Ya dawo ya ce wa Inna yaron nan ya zaɓi boko, ya raina tukunyar ubansa. Kunya ta hana shi sake tambaya, kunya ta hana ta tambayata.

Yanzu 'ya'yana suna ji ina kiran ɗan farina da sunansa tun daga bakin titi, kuma tarti ana sayar da shi a gilashi ga duk mai so. Gidanmu na Kalley ya zama shaguna. Wani lokaci in na yanke tano, sai in ji ƙamshin albasa da ba ta nan.

Na je na sami Isufu a gidan abincinsa, da farar hula da tumbi, yara na ce masa shef. Na faɗa masa abin da Inna ta ce. Bai musa ba. Ya ce yunwa ce, Yaya, ya cinye a hanya, tsoro kuma ya hana shi faɗin sauran. Ya sa aka kawo mini tarti guda mai zafi a farantin Baba. Na ture shi gabansa na ce, "Na gwangwani na yafe maka, yunwa ce ta ci. Amma yunwa ba ta cin magana, Isufu. Kai Baba ya kira sunanka har ya gaji. Ni sau ɗaya ubana ya kira ni a duniya, da bakinka ya kira, ka haɗiye."