Hoton Ƙeyar Ɗan Acaɓa

Kyamarata 'yar ƙarama ce, a aljihun riga take yini. Mutanen gari ba su son a auna su da ita, ni kuma matsoraci ne, sai mutum ya ba ni baya nake ɗauka.

Wata Talata, wata tsohuwa daga wani ƙauyen Batagarawa ta same ni a Ƙofar Marusa. Ɗanta ɗan acaɓa ne. Kwana tara ke nan da ya ɗauki fasinja, ba shi ba labarinsa. Abokan aikinsa suka ce mata kullum ina ɗaukar hoto a tasharsu. Hotonsa take so ta riƙa nuna wa jama'a, don ba ta da ko ɗaya.

Na yi ta dannawa ina nuna mata tsofaffin hotunan, ina roƙon Allah a ga fuskarsa. Duk hoton da ya fito, ƙeya ce. Na tsine wa tsorona.

Can sai ta riƙe mani hannu. "Ga shi nan."

Na ce, "Inna, ba wanda zai gane shi a haka."

Ta kai idonta dab da gilashin, ta ce, "To, ɗan nan, juyo mani da shi."