Baffa Iro, Alƙalin Finafinan Kubwa

Duk wanda ya taɓa zama a falon Baffa Iro a Kubwa ya san dokar gidan: ba a kunna fim sai an buɗe littafi. Ku da kuka sha wannan azabar ku ne shaiduna. Mun jeru a kan tabarma, gyaɗa na hannu, faifai na cikin na'ura, sai ka ji gyaran murya daga kujerar nan tasa mai hannu ɗaya: "A dakata!" Sai ya miƙe a hankali, ya ɗauko ɗaya daga cikin littattafan nan nasa masu kaurin bulo, waɗanda suka jera finafinan duniya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da shekararsa, da sunan darakta, da tsawonsa, da taurarin da aka ba shi. Ya gyara tabarau, ya lashi yatsa, ya shiga nema. Idan ya samu kuma sai ya karanta da Turanci, ya fassara da Hausa, ya ƙara nasa sharhin.

Kun tuna ranar yawon Sallar nan da gidan ya cika da jikoki? Tun bayan azahar yake karanta mana tarihin darakta, har da garin da aka haifi mutumin. Yana rufe littafin, ya ce "To, bismillah, a kunna," sai ɗif, aka ɗauke wuta! Yara suka fashe da kuka. Ko gezau Baffa bai yi ba.

"Ku gode wa Allah," in ji shi. "Tauraro ɗaya da rabi ne. Rahama aka yi muku."

Ni Binta ce, ga waɗanda suka manta, 'yar ƙaninsa. A hannunsa na tashi tun ina shekara tara, bayan rasuwar mahaifina, don haka ba wanda ya kai ni shan karatun taurari. Shekara talatin da wani abu ya yi a ofishin ajiye fayil na wata ma'aikatar tarayya, kullum yana bin bas ɗin asuba zuwa cikin gari. Ina jin daga nan ya samo ciwon: a wajen Baffa, abin da ba a rubuta an jera shi ba, bai faru ba. Littattafan kuwa wajen masu gwanjon littafi na bakin titi yake tsinto su, ya kawo gida ya yi musu bango da takardar buhun siminti.

Amma ba kowane littafi ne yake samun mutunci ba. Sai ya yi masa jarrabawa tukuna. Yana da jerin sunaye a baya, yadda za ka nemi ɗan wasa ka ga duk finafinansa? Marubucin ya kalli finafinan da idonsa, ko kwafa ya yi daga maƙwabci? Yana raina finafinan Indiya da na Caina, ko yana yi musu adalci? Wanda ya ci, sai kan kanta. Mai dama-dama, ƙarƙashin gado. Babban laifi kuwa shi ne littafi ya faɗi ƙarshen labari.

"Littafin fim ɗan jagora ne," haka yake cewa. "Ya kai ka ƙofar gidan biki ya tsaya. Ba a ce ya shiga ya cinye maka tuwon ba."

Akwai wani jan littafi da ya saya da murna, ya buɗe shafin wani fim na 'yan sanda da ya daɗe yana son gani. Layin farko: mai gadin ne ya yi kisan. Wallahi sai da Baffa ya yi salati! A take ya yanke masa hukunci, ya tura shi ƙarƙashin ƙafar firij ɗinmu mai ɗingishi. Shekaru bayan nan tsohon ogansa na ofis ya zo gaisuwa, ya hango shi, ya sunkuya zai ciro.

"Haba Malam Iro, littafi a ƙasa?"

"Ranka ya daɗe, ƙyale shi. Fursuna ne. Ɗaurin rai da rai."

Sai maganar minti goma sha ɗaya. Lokacin ina jami'a a Gwagwalada, na zo hutu. Baffa ya sayi faifan wani fim na yaƙi a kasuwar Kubwa, wajen wani Oga Cuks mai shagon faifai. Littafi ya ce tsawonsa minti ɗari da arba'in da biyu. Baffa, kamar kullum, ya cire agogonsa ya ajiye a kan gwiwa. Fim ya ƙare a ɗari da talatin da ɗaya. Ya duba agogo, ya duba littafi, ya sake duba agogo.

"Binta, saka mayafinki. An yi mana sata."

"Baffa, fim ɗin fa ya ƙare lafiya. Sun ci yaƙin."

"Ban tambaye ki wa ya ci ba. Ɗauko littafin."

Haka muka ratsa rana tsaka, ni da bulo a hammata. Muna isa ya ɗora faifan a kan tebur.

"Oga Cuks, ina minti goma sha ɗayana?"

Cuks ya buɗe baki. "Baba, wane minti? Fim ya yi kyau, ko ba ta yi kyau?"

"Kyau daban, cika daban. In ka sayi mudun gero aka ba ka babu baki, za ka tafi?"

Mutane suka fara taruwa. Cuks ya rantse da duk abin da ya sani, Baffa ya ja benci ya zauna, ya ce shi ɗan fansho ne, ba shi da inda za shi. Da Cuks ya ga kasuwarsa za ta tsaya, sai ya tono wani faifan daga ƙasan kwali, ya sa a talabijin ɗin shago, ya tura shi can ƙarshe. Me za mu gani? Sunaye! Sunayen nan da ke hawa sama bayan fim ya ƙare, su aka yanke a namu. Kowa ya kwashe da dariya.

"Ka gani, Baba? Suna kawai! Ba kowa yana kallo wannan."

"Mayar da shi farkonsu," in ji Baffa.

Jama'a, minti goma sha ɗaya muka yi a shagon nan yana karanta sunaye da ƙarfi, har da mai dafa wa 'yan wasa abinci da mai kula da dawakai. Na rasa inda zan sa fuskata. Da aka gama ya miƙe, ya kakkaɓe riga.

"Su ma 'ya'yan mutane ne. Iyayensu sun raɗa musu suna don a kira."

Ya karɓi cikakken faifan, ya bar wa Cuks guntun. Daga ranar, in Cuks ya hango shi daga nesa sai ya ɗaga hannu: "Baba, wannan ya cika, na auna!"

Da waya ta zo kuwa, ai sai yaƙi ya koma cikin gida. Na nuna masa cewa yanzu kana rubuta sunan fim za ka ga komai, har da maki.

"Wa ya ba da makin?"

"Mutane, Baffa. Dubbai."

"Su wa? 'Ya'yan wa?"

"Ba a sani ba."

"To kin ji. Littafina yana da suna a bango. In ya yi mini ƙarya na san wanda zan zaga. Wannan in ya yi ƙarya, wa zan kama? Iska?"

Amma akwai ranar da na ɗauka wayata ta yi nasara. Kun san Malam Yohanna na Kwali, tsohon malamin firamare, amininsa tun suna samari, wanda ke zuwa duk ƙarshen wata da doya biyu a bayan babur. Tun ina yarinya nake jin suna musu a kan wani fim na Indiya da suka kalla a silima a Kaduna, irin mai buɗaɗɗen sama. Ana dab da ƙarshe ruwa ya ɓarke, kowa ya watse. Baffa ya ce jarumin mutuwa ya yi. Malam Yohanna ya ce ƙarya ne.

"Iro, wannan yaro ba ta mutu ba! Harsashi ya shiga kafaɗa ne kawai!"

"Kafaɗa a ƙirji take a garinku?"

Sun duba duk littattafan kan kanta, amma da yake littattafan kirki ne, ba wanda ya faɗi ƙarshe. Na ƙarƙashin firij kaɗai ake zargin ya sani, Baffa kuma ya ce ba ya karɓar shaidar fursuna.

Ranar nan na zauna na yi ta bincike har na samo fim ɗin a waya, cikakke. Na shigo falo ina rawar jiki, suna tsakiyar cin doya da manja.

"Baffa! Malam! Na samo shi! Yau za a raba gardama!"

Baffa ya dubi Malam Yohanna, Malam Yohanna ya dubi kwano.

"Idona yana ciwo yau," in ji Malam.

"Ni ma ban buɗe littafi ba," in ji Baffa. Sannan ya jawo ni gefe ya rage murya. "Ke ba ki da hankali ne? Mutumin nan tun daga Kwali yake hawo babur don ya ƙaryata ni. In aka raba gardamar, wa zai kawo mana doya?"

Finafinan Hausa kuwa, da ya nemi littafinsu bai samu a wajen masu gwanjo ba, sai ya ce to shi zai rubuta. Ya sayi manyan littattafan rajista masu baƙin bango irin na ofis, ya ja layi da rula. Guda tara ya cika! Sharhinsa ba ya wuce layi uku. Na haddace wani: "Labari ƙanƙane, kuka da yawa. Attajirin ya sa hula ɗaya shekara ashirin. Tauraro biyu, ɗaya na hular ne."

Wannan rajistar ce ta kusa hana ni aure. Nasiru, mijina, a lokacin yana ɗaukar hoto a wajen bukukuwa, ya haɗa kai da abokansa suka yi wani ɗan fim na minti arba'in. Na gargaɗe shi, na ce kome za ka faɗa wa Baffa, kada ka ambaci fim. Ranar da ya zo gaisuwa, ko ruwa bai gama sha ba ya zaro faifai daga aljihu! Baffa ne waliyyina, maganarsa ce ƙarshe. Ina leƙe ta labule na ga ya cire agogo, ya buɗe rajista. Na ce shi ke nan, na mutu.

Fim minti arba'in, sharhi awa biyu. An ga inuwar mai kyamara a bango sau uku. Wanda aka kashe yana numfashi. An ce ana Kano, ga dutsen Abuja a bayan jarumi. Nasiru na durƙushe, zufa na zuba. A ƙarshe Baffa ya rubuta, ya karanta da ƙarfi: "Tauraro ɗaya."

Bayan ya tafi na fito da hawaye. "Baffa, ka kore shi ke nan. In ba ka son sa ai sai ka faɗa mini."

"Wa ya ce ba na son sa? Kin ji abin da ya ce da zai fita?"

"Ban ji ba."

"Cewa ya yi in ara masa rajistar ya kwafi kurakuran. Awa biyu ina yanka shi bai ce 'amma' ba ko sau ɗaya. Fim ɗin ne mai tauraro ɗaya. Ki ce ya turo manyansa." Har na juya sai ya ƙara: "Amma kada ya ɗauki hoton bikin da kansa."

Da ciwon ajali ya kama Baffa, kwana goma sha biyu ya yi a asibiti a Gwagwalada. Har a can bai bari ba. Talabijin ɗin ɗakin jinya ya zama nasa, nas-nas suna zuwa tambayarsa abin da za su kalla in sun tashi aiki, shi kuma yana hana su wasu kamar likita. Ranar Laraba bayan la'asar Allah ya karɓi abinsa.

Bayan sadakar bakwai ni aka bar wa kwashe littattafan. Ina goge ƙura ina dariya ni kaɗai, sai na buɗe rajista ta biyu, na ci karo da wani shafi da ban taɓa gani ba. Fim ne na barkwanci da suka kalla da matarsa, Inna Hajara, wadda ta riga shi da shekara goma sha biyar, ita da ta yi mini kitson farko a gidan nan. Ya rubuta suna, ya rubuta shekara. Wajen sharhi ga abin da ya sa: "Ban san abin da ya faru a ciki ba. Hajara ta yi ta dariya har ta riƙe ciki, ita na kalla. Ba zan iya yanke hukunci ba." Na zauna a ƙasa da rajistar a cinyata, na yi kukan da ban samu yi ba ranar jana'iza.

Baffa, ka riƙe marainiya ba ka taɓa bari ta ji maraici ba. Allah ya jiƙan ka, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka kabarinka. Allah ya sada ka da Inna Hajara a gidan Aljanna, ka sake jin dariyar nan. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani. Amin.