Idi Kulor Mai Awon Ruwan Pisin

Duk wanda ya taɓa miƙa wa Idi Kulor kofin ruwa a unguwar Adjamé ya san abin da zai biyo baya. Ba zai kai baki ba. Sai ya zura hannu aljihu, ya zaro 'yan kwalaben robar nan nasa guda biyu a manne, ya tsiyaya ruwanka a ciki, ya ɗiga maganin rawaya a ɗaya, ja a ɗaya, ya girgiza, ya ɗaga sama yana kanne ido.

"Bari mu ji ta bakin ruwan tukuna," in ji shi. Kai kuwa mai gida kana tsaye kamar wanda ake wa shari'a.

Aikinsa ne ya bi shi har gida. Shi ke kula da pisin, wato kwamin wanka, na wani otel a Treichville. Kullum da safe sai ya auna ruwan. In rawayar ta yi haske, kulor mai kashe ƙazanta ya yi kaɗan. Ja kuwa shi ke nuna abin da Turawa ke ce wa pe-ash, Idi kuma ya ce tsami da kanwa. Ni Hamisu mai garba, wato dambun rogo da soyayyen kifi, taubashinsa ne, uwarsa ƙanwar babana ce, mota ɗaya ta kawo mu daga Madawa. Saboda haka ina da izinin tona masa asiri ko yana kabari.

Ruwan suna ya auna, ruwan butar masallaci ya auna. Sau ɗaya na ga ya ja da baya. Alhaji Ɗanladi mai goro ya dawo daga Makka, ana zagayawa da zamzam a ɗan ƙaramin kofi. Da aka zo kan Idi sai hannunsa ya nufi aljihu. Liman ya kalle shi ta saman tabarau. Idi ya zaro hannun a hankali, ya sosa ƙeya.

"Wannan an riga an auna shi daga sama," in ji shi, ya shanye.

Sai maganar bokitai. Wayyo bokitai! Idi ba ya yar da bokitin da kulor ya ƙare a ciki. Ya cika ɗakinsu na bayan gidajen 220 Logements da su, har gudummawar biki yake yi da su. Ga matarsa Rakiya nan zaune, in ƙarya nake ta faɗa. Wata jajibirin Salla ta ɗauki ɗaya, ba ta lura da ragowar garin da ke gindinsa ba, ta jiƙa masa shaddarsa shuɗiya, wadda ba shi da kamarta. Da ta tsamo, rigar ta yi dabbare-dabbare kamar bayan zabuwa. Ta zauna tana kuka.

Idi ya ɗaga rigar, ya juya ta gaba da baya. "Ta yage?"

"A'a, Malam."

"To kukan na mene ne? Kai wa mai guga."

Da ita ya je sallar Idi, yana taƙama. Muna fitowa wata mata 'yar ƙabilar Jula mai sayar da atamfa ta tare shi, wai don Allah wace marina ce ta yi wannan rini.

"Bamako," in ji Idi, ko ƙifta ido bai yi ba. "Sabon yayi ne, bai iso nan ba tukuna."

Na ce, "Bawana, ƙarya ranar Salla?"

Ya ce, "Ubangidanka dai. Kuma ai ban ce wane Bamakon ba."

Abin da da yawanku ba ku sani ba, mutumin nan da ya tsufa a bakin pisin bai iya iyo ba, ko kaɗan. Kwasi, kukun otel ɗin, shi ya ba ni labari yana hawaye don dariya. Ka'idar Idi ita ce ba a ɗiban ruwan awo daga sama, sai an nutsa hannu har gwiwa. Ran nan ya durƙusa, ya miƙa hannu, santsi ya kwashe shi, tsundum! Sai ihu, sai kalmar shahada, yana kiran sunan uwarsa. Amma hannun da ke riƙe da kwalaben yana sama, bai yarda ya nutse ba.

Madam mai otel ta fito da gudu, ta tsaya, ta riƙe ƙugu. "Idrissa! Miƙe tsaye!"

Ya miƙe. Ruwan iya cibiyarsa. Ashe ɓangaren yara ya faɗa.

Ya fito yana ɗiga, bai kalli kowa ba, ya ɗiga magani ya ɗaga kwalba. "Ya ɗan yi tsami."

Kwasi ya ce, "Kafin ka faɗa ne ya yi tsamin, ko bayan ka faɗa?"

Idi ya wuce abinsa. Amma ranar ya ƙara kulor, ya kuma hana kowa shiga har la'asar.

To, sai lokacin rikicin bayan zaɓe. Kun san yadda garin nan ya koma. Ko'ina shinge, samari da bindigogi da adduna, kuma mai suna irin namu na Musulmi in ya fita ba shi da tabbacin dawowa. Otel ya rufe, Madam ta tsallaka Gana. Idi ya yi 'yan kwanaki a gida yana safa da marwa, sai wata safiya ya sa hula.

Rakiya ta aiko a kira ni. Na same shi a bakin ƙofa na ce, "Ina za ka?"

"Ruwan zai yi kore."

"Ya yi baƙi ma! Wa zai shiga?"

"Ba don a shiga ake aunawa ba. Don an bar mini shi ne."

Na zage shi, Rakiya ta roƙe shi, a banza. Ƙarshe ni na bi shi, don ba zan iya kallon idonta ba in ya tafi shi kaɗai. Babu gbaka, ƙananan bas ɗin hayan nan, a ƙafa muka tafi. Dab da gadar da ake tsallakawa zuwa Treichville samari suka tare mu. Suka caje Idi, sai ga kwalabe, sai ga ƙullin farin garin kulor a leda. Wani mai jan ƙyalle a ka ya daka tsawa da Faransanci, wai guba ce za mu zuba a ruwan gari. Na ji bakin bindiga a haƙarƙarina.

Idi ya ce su kawo jarkar da suke sha. Ya auna a gabansu, rawaya ba ta fito ba. Ya ɗan barbaɗa garin, ya girgiza, ya sake aunawa, ta fito. Ya tsiyaya a murfi ya kurɓa. Suka yi cirko-cirko. Sai mai jan ƙyallen ya fizge kwalbar maganin, wai shi ma zai gwada, ya matse ta da ƙarfi, magani ya yi tsartuwa.

Jama'a, Idi ya make masa hannu! Mai bindiga!

"Ɗigo-ɗigo ake yi! Ka san inda ake samo shi yanzu?"

Na rufe ido, na fara salati. Sai na ji babbansu ya tuntsire da dariya. "Ku ƙyale su. Tsohon nan ba shi da hankali."

Muna tsakiyar gada, Idi yana ta ɗaga kwalbar yana duba abin da ya rage. "Ka ji marar kunya? Ya ɓarnatar mini da magani, kuma wai ni ne marar hankali."

A can muka maƙale, hanya ta ƙi komawa. Babu wuta, injin tace ruwa ya tsaya. Idi ya riƙa narka kulor a bokiti yana zubawa, yana zagaya pisin da doguwar sanda yana motsawa kamar mai tuƙa tuwo. Ina zaune ina yi masa dariya. Ba a jima ba famfunan unguwar suka ƙafe. Wata mata mai jego ta leƙo ta ƙofar ƙarfe da roba a hannu, ta ce ko ruwan wanke jariri ba ta da shi. Idi ya dube ta, ya dubi pisin, ya je ya buɗe ƙofa.

Kafin azahar layi ya kai titi. Shi kuwa ya tsaya a bakin ruwa kamar jandarma. Sai ka ɗauraye bokitinka a gefe, ba a sa ƙafa, na sha kuma a tafasa tukuna. Da safe kowa ya jira sai ya auna, mata suna tsaki, yana cewa su yi ta yi. Haka aka yi ta ɗiba har tayil ɗin ƙasa ya bayyana.

Da ƙura ta lafa Madam ta dawo, ta tsaya a bakin ramin. "Idrissa, ina ruwana?"

"Ya shiga unguwa, Madam. Kuma kulor ya ƙare, sai a sayo."

Bai ga ƙarshen shekarar ba. Zazzaɓi ne na 'yan kwanaki, ya tafi a hannun Rakiya. Ranar sadakar uku sai ga matan Treichville sun cika gbaka sun zo, yawancinsu ba Musulmi ba, ba su ma san yadda ake gaisuwarmu ba. Suka tuɓe takalma suka zauna a tabarma. Mai jegon nan ta kwance goyonta ta ɗora wa Rakiya a cinya. Nan ne na kasa daurewa, na fita waje.

Allah Ya jiƙan Idi, Ya yafe masa kurakuransa, Ya sanyaya makwancinsa, Ya shayar da shi daga tafkin Alkausara. Allah Ya ba Rakiya haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo, Ya sa mu cika da imani. Amin.