Tsuntsayen da Suka Gaje Dutsenmu

Wata Laraba ce cikin kaka, ina aji biyar na firamare a Unguwar Hajji, Baba ya miƙe tsaye cikin kwalekwalen aro yana zagin tsuntsaye. Dattijon da ko akuya bai taɓa ɗaga wa murya ba, ranar sai da ya ambato kakannin zalɓe ɗaya bayan ɗaya.

Dutsen da suke kai namu ne. Kafin ruwan dam ya shanye gonarmu, a faffaɗan bayansa muke shanya gyaɗa, mu yara mu yi langa a gindinsa har Inna ta aiko da fura. Da ruwa ya zo, ƙoƙon kansa kaɗai ya rage, tsibiri mai tsagogi da kaifi. Zalɓe da kwasakwasa da balbela suka tare a kai ba sallama, suka yi masa farin fenti da kashinsu. Tun daga gaɓa wari ke yi wa mutum maraba.

Baba manomi ne, dole ce ta sa shi koyon su, masunta na ta yi masa dariya. Ranar kuwa koma ta cika a karon farko, ya ce gidansa zai ci kifin hannunsa har damina. Muka farke kifin, ya jera shi sahu-sahu a kan dutsen yadda ya saba yi wa gyaɗa, muka tafi sallar azahar hankali kwance. Ita dai gyaɗa tana jiran mai ita. Da muka dawo sai ƙayoyi, ga ɓarayin a tsaye suna gyaran fiffike.

Wani tsohon masunci, Ilu, ya matso da jirginsa ya ce, "Malam Sale, walima ka yi ba ka gayyace mu ba?"

"Dutsen ubana ne!" in ji Baba.

"To, gaya musu."

Baba bai sake taɓa koma ba. Ƙwadago ya koma yi a gonakin mutane wajen Rogo, har ƙarfinsa ya ƙare.

Ba a jima ba malaminmu ya nuna mana hoton fararen tsuntsayen teku a kan duwatsun wani tsibiri na ƙasar Turawa, ya ce mu rubuta kyawunsu. Na rubuta "ɓarayi ne", na sha bulala uku. Na yi karatu da yawa tun daga nan, ban ga dalilin gyara amsar ba.

Yanzu samari ke haurawa da wayoyinsu suna ɗaukar su hoto, suna ta "masha Allah". Ni kuwa in na tsaya a gaɓa, gyaɗar Baba nake hangowa a shanye. Dutsen yana nan, masu shi ne suka tashi.