Tasar Wanke Hannu ta Gidanmu

A gidanmu na Dakoro tasa guda ce ta wanke hannu, kuma da tsari take yawo. Kaka ke fara tsomawa, sai Inna, sai ni, sai yara bi da bi. Autarmu, 'yar shekara huɗu, ita ce ta ƙarshe. Kafin ruwan ya iso gare ta ya koma kamar tsinkakken kunu. Haka muka tashi. Ban taɓa ganin aibin abin ba, ni da na yi kolej har na zana ƙwayoyin cuta a allo aka tafa mini.

Sai daminar bara zawo ya kama auta. Kwana biyu kacal idanunta suka faɗa, in na ja fatar cikinta sai ta tsaya cak. Ni na goye ta zuwa gidan likita, kanta na lilo a bayana. Aka yi mata ƙarin ruwa, Allah ya tashi kafaɗunta. Da za a sallame mu, majo, babbar ma'aikaciyar wurin, ta tambaye ni yadda muke wanke hannu a gida. Na gaya mata. Ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Ke da kika yi lakkwal, kika sha boko?"

Kunya ta raka ni har gida. Washegari na ware buta guda, na ɗaura mata jan ƙyalle don kada a haɗa ta da ta bayi. Na tara ƙannena uku da ɗiyan maƙwabta biyu a gindin bedi, wato dogon yaro. Na ce musu akwai tururuwa ƙanana tsakanin yatsu, ido ba ya ganinsu, sai sabulu da ruwa mai zuba ke kore su. In babu sabulu, toka.

Abin ya zame musu wasa. Suka shiga gasar kumfa. Ɗaya ta lasa ta ji ko da daɗi. Wata kuwa ta wanke tas har gwiwar hannu, a hanyar zuwa ga tuwo ta tsaya ta rungumi akuya. Muka sake daga farko. Cikin mako guda sun fi ni zafi, Inna ma in ta fito bayi sai ta iske su jere da buta kamar jandarmomi a bakin hanya.

Kaka ce ta ƙi.

"Ke 'yar boko, tun ba a haifi ubanki ba nake tsoma hannu a tasar nan, ga ni daram. Kuma ruwan fa? Kin taɓa jan guga a rijiyar garin nan?"

Matsalar ita ce auta 'yar ɗakin Kaka ce, kwano guda suke ci. Kaka ta tsoma a tasa, ta kama hannun yarinyar ta tsoma, ta yanko loma ta ba ta a baki. Ni kuwa ina gefe, ina ƙirga sau nawa auta ta zaga bayan ɗaki. Ba ni da bakin hana tsohuwa.

Wata rana da azahar aka kawo tuwon hatsi da miyar kuka. Kaka ta jawo tasarta, ta ce, "Taho, ƙawata."

Auta ta ɓoye hannuwa a baya.

"Kaka, hannunki da tururuwa."

"Uwarki ce mai tururuwa!"

Inna ta ƙware don dariya. Auta ta ɗauki 'yar kujerarta ta dawo kwanona. Kaka ta ci ita kaɗai, tana mita cewa miyar ba gishiri. Washegari ma haka, sai cewa ta yi tuwon bai nuna ba.

A rana ta uku ta kira ni, ba tare da ta dube ni ba. Ta zubar da ruwan tasar a gindin zogale, ta ajiye ta wayam a gabanta, ta miƙa hannuwa biyu a samanta.

"Ba don ke ba ne. Ba na son cin tuwo ni kaɗai kamar mayya."

Na ɗauko buta, na karkata ta har ruwan ya zubo da yawa.

"A hankali, ba tabki gare mu ba!"

Auta ta matso da sabulu, ta ɗaga yatsun Kaka ɗaya bayan ɗaya tana dubawa. Ta ce akwai saura a babban yatsa. Kaka ta sake cuɗawa. Sannan yarinyar ta zauna, ta buɗe baki.