Firintar da Yaya Sule ya hana a cire

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Sule, mai shagon buga takardu a bakin tashar Gwarzo, kuma bana ba yabo kaɗai na zo da shi ba. Haushi nake ji, rabinsa ma haushin kaina ne.

Duk wanda ya taɓa kai masa takardar sayen gona ko rabon gado ya san al'adarsa: sau biyu yake bugawa. Na farko a injin da ke fito da takarda. Na biyu a wata firinta da ke cikin kwamfutar kanta, ba ta shan tawada, ba ta fito da komai, sai dai ta ajiye kwafin takardar yadda take. Mu muna tsokanarsa, muna ce mata firintar aljanu. Shi kuwa sai ya ce, "Ku dai bar min ita. Gara ba ta shiga nan."

Ya san halinmu ne. Mu masu buga takardu ba ma fara sabuwa. Tsohuwar yarjejeniya muke buɗewa, mu goge sunan wancan mu sa na wannan, mu canza iyaka, ta jiya ta tafi ke nan.

Da na gaji shagon, kwamfutar ta fara nauyi, na kai wa mai gyara. Ya ce, "Alhaji, wannan rikita mutane kawai take yi, a danna a ga ba abin da ya fito. Masu yin manhajar ma suna tunanin daina sa ta. In cire?" Na ce cire. Ko kai ban ɗaga daga wayata ba.

Makon jiya Inna Hajara ta zo daga Gude. Shekara biyu da suka wuce ni na buga mata takardar iyaka tsakanin gonar da mijinta ya bar mata da ta maƙwabcinta. Daminar bana ɗakinta ya yi yoyo, takardar ta zama kunu. Shaida ɗaya ya rasu, ɗayan ya ce ba ruwansa, maƙwabcin kuwa har ya shigo mata kunya goma ya shuka dawa. Na buɗe fayil ɗin, sai ga sunan wani mutumin Getso da gonarsa. Takardun zamanin Yaya Sule kuwa duk suna nan, jere da kwanan wata.

Ta kalle ni ta ce, "Ɗan nan, ashe ba ka yi irin na yayanka ba."

Masu cewa a cire firintar nan saboda ba kowa ke amfani da ita ba, su zo su faɗa wa Inna Hajara. Wa suka tambaya? Su da ke da intanet dare da rana, me suka sani game da shagon da ke tafiya da janareta? Da Yaya Sule yana nan, ba da su zai yi faɗa ba. Ni zai kalla, kuma na san irin kallon.

Bai bar gini ba, bai bar mota ba. Abin da ya bari shi ne tsoron kada haƙƙin wani ya salwanta a hannunsa, ni kuma na yar da shi da kalma ɗaya. Na mayar da firintar, ko minti biyar aikin bai ɗauka ba. Allah Ya jiƙanka, Yaya. Jibi zan raka Inna Hajara gaban dagaci in ba da shaida da abin da na tuna, kuma har yanzu na kasa tuna ko tsamiya ce iyakar ko marke.